Yadda Ake Koyon Numfashin Yoga, da Inda Ya Kamata a Tsaya

Bidiyoyin koyar da numfashin yoga sun cika wayoyin mutane a 'yan shekarun nan, kuma a nan Legas, inda Indiyawa suka daɗe da zama a unguwanni irin su Ilupeju da Victoria Island, ba abin mamaki ba ne ma'aikacin ofis ko ɗan kasuwar Mile 12 ya ji abokin hulɗarsa yana ba shi shawarar ya gwada domin rage gajiya da rashin barci. Tun daga 2015 ake bikin ranar yoga ta duniya a kowace 21 ga Yuni, bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da hakan a Disambar 2014. Abin da masu koyarwa da yawa ba sa bayyanawa shi ne cewa abubuwa biyu ne aka cuɗanya a wuri ɗaya: akwai horar da numfashi, wanda aikinsa a jiki yake kuma likitoci suna iya auna shi, akwai kuma aƙidar addinin Hindu game da wani ƙarfi na ruhi da ake neman tayarwa ta hanyar numfashin. Wanda zai koyi na farko yana bukatar ya san na biyu, domin ya gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

A koyarwar Hindu ana kiran ƙarfin rai da ke tafiya tare da numfashi firana, sarrafa shi kuma firanayama. Maganar ta tsufa ƙwarai, domin tana cikin littattafan Upanishad, waɗanda aka tsara mafi daɗewarsu ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A littafin Yoga Sutra na Patanjali, wanda bai wuce gajerun jimloli 196 ba, an jera matakan yoga guda takwas, kuma sarrafa numfashi shi ne na huɗu. Kafin a iso gare shi sai an wuce kame kai daga cutar da wani da ƙarya da sata, sannan tsafta da wadatar zuci, sannan iya zama daram ba tare da wahala ba. Wannan jeri yana da muhimmanci, domin ya nuna cewa su kansu masu abin ba su ɗauki numfashi a matsayin darasin ranar farko ba.

Bayani mafi faɗi ya zo ne a Hatha Yoga Pradipika, wanda Svatmarama ya rubuta a ƙarni na 15. A cewarsa, jikin ɗan Adam yana da hanyoyi 72,000 da firana ke bi, amma uku ne manya. Ida tana farawa daga kafar hancin hagu, ana danganta ta da wata da sanyi. Fingala tana farawa daga ta dama, ana danganta ta da rana da zafi. Ta ukun, sushumna, tana tsakiya, ta bi ƙashin baya tun daga tsatso har tsakar kai, kuma a wurin yawancin mutane a toshe take. Abin da ya toshe ta, in ji su, shi ne kundalini, wani ƙarfi da suke siffantawa da macijiya da ta naɗe tana barci a gindin ƙashin baya, bakinta a kan ƙofar hanyar. Manufar aikin ita ce a tsarkake hanyoyin hagu da dama, a riƙe numfashi, a matse wasu tsokoki na dubura da ciki da maƙogwaro, har iskar sama da ta ƙasa su haɗu su hura wutar ciki. Littafin ya ce idan zafin ya taɓa macijiyar sai ta miƙe kamar wadda aka buga da sanda, ta shiga sushumna, ta huda wasu ƙulle-ƙulle uku da aka sa wa sunayen allolinsu Brahma da Vishnu da Rudra.

Tashoshin da aka ce tana ratsawa su ne ake kira cakara, shida a jere daga tsatso zuwa tsakanin gira, sai ta bakwai a tsakar kai. Tsarin da ya shahara a yau ya samo asali ne daga wani rubutu na Purnananda, malamin Bengal na ƙarni na 16, wanda wani alƙali Bature a kotun Kalkata, John Woodroffe, ya fassara zuwa Ingilishi ya buga a 1919. Ƙarshen tafiyar a wurinsu shi ne haɗuwar Shakti, wato kundalinin, da allansu Shiba a tsakar kai, wanda suke ɗauka kuɓutar rai ce daga zagayen mutuwa da sake haihuwa. Wannan aƙidar wani addini ce, kuma adalci ga mabiyansa shi ne a kira ta da sunanta. Masu tiyata ba su taɓa ganin ida ko fingala ko cakara a jikin mutum ba, taswira ce ta masu bauta, an zana ta domin tunani da ibada.

Malaman Musulunci sun daɗe da sanin wannan fanni. Al-Biruni ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci a farkon ƙarni na 11, kuma a ƙarni na 16 Shaihu Muhammad Gaus na Gwaliyor ya mayar da wani littafin yoga zuwa Farisanci da sunan Bahrul Hayat. A zamaninmu majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda abubuwan bauta da ke cikinta, majalisar malaman Indonesiya kuma a 2009 ta haramta wadda ke ɗauke da karance-karancen bauta ta bar wadda motsa jiki ne zalla, yayin da Saudiyya ta amince da ita a jerin wasanni a 2017. Fatawa aikin malamai ne, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya je wurin malaminsa. Matakan da za su biyo baya dai babu kiran sunan wani abin bauta a cikinsu, babu furta "om", kalmar nan ta bautar Hindu, babu kuma niyyar tayar da komai.

Abu na farko shi ne wuri. Svatmarama ya so mai koyo ya samu ɗan ɗaki a keɓe, mai ƙaramar ƙofa, babu ƙwari, a ƙasar da ke da zaman lafiya da wadatar abinci. Wanda ke haya a Agege ko Idi-Araba, ɗaki na kallon ɗaki, ba zai samu wannan ba, amma akwai abin da ba zai yi sassauci a kansa ba, wato tsabtar iska. Kada a yi wannan aiki a inda janareta ke ruri kusa da taga, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi amma tana kisa, kuma zurfafa numfashi a irin wannan wuri ƙara shaƙar guba ne. Haka nan a kashe maganin sauro na hayaƙi da turaren wuta, a buɗe taga na ɗan lokaci kafin a zauna. Bakin babban titi ma bai dace ba. Lokacin da ya fi a Legas shi ne bayan sallar asuba, kafin motocin danfo su cika hanya, lokacin da iska ba ta yi nauyi ba kuma ciki babu abinci. Wanda aikinsa ke fitar da shi tun ƙarfe biyar zai iya mayar da shi dare, sa'o'i biyu zuwa uku bayan cin abinci.

Kan batun abinci littafin Svatmarama ya ce a bar rubu'in ciki babu komai. Mu kuma mun san hadisin da ya raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Dalilin a jiki a bayyane yake: cikakken tumbi yana tokare tsokar da ta raba ƙirji da ciki, kuma ita ce babbar mai jan iska zuwa huhu.

Zama ba ya bukatar naɗe ƙafafu irin na hotuna. A zauna a kan tabarma an tanƙwashe ƙafa, a sa filo a ƙarƙashi domin ƙugu ya ɗan fi gwiwa tsawo, ko kuma a zauna a kujera tafin ƙafa biyu a ƙasa. Sharaɗin kawai shi ne baya ya miƙe ba tare da an sandare ba, kafaɗu su sauka, haɓa ta ɗan yi ƙasa kaɗan. A sassauta bel ko mazagin wando, mace kuma ta sassauta ɗaurin zani.

A makon farko kada a canza komai sai hanyar da iska ke bi. A rufe baki, a yi numfashi ta hanci, a ɗora hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a kan cibiya, a lura da wanda ya fi motsi. Mutane da yawa, musamman waɗanda ke yini cikin hayaniya da cunkoson motoci, za su tarar ƙirjinsu da kafaɗunsu ne ke ɗagawa, cikin kuwa bai motsa ba. Abin da ake so shi ne idan an shaƙi iska ciki ya taso a hankali, haƙarƙari su buɗe ta gefe, idan an fitar kuma ciki ya koma da kansa ba tare da an matsa shi ba. Wanda ya kasa jin wannan a zaune ya kwanta rigingine ya lanƙwasa gwiwoyinsa, zai fi saurin ganewa. Minti biyar ya isa.

Daga mako na biyu sai a shigo da lissafi, kuma wannan mataki shi ne ya fi kowanne amfani, don haka ya cancanci a daɗe a kansa. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya idan yana hutawa. Manufa ita ce a sauko da shi sannu a hankali zuwa kusan sau shida. A fara da shaƙa cikin ƙirga huɗu da fitarwa cikin ƙirga huɗu, kowace ƙirga kamar sakan ɗaya. Idan wannan ya zauna, a bar shaƙa a huɗu a ƙara fitarwa zuwa biyar, sannan shida. Huɗu da shida sun zama sakan goma, wato numfashi shida ke nan a minti. Fitarwar ce ake tsawaitawa domin bugun zuciya yana ɗan ƙaruwa lokacin shaƙa, yana raguwa lokacin fitarwa, ta dalilin wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa zuciya da kayan ciki, wadda aikinta shi ne kwantar da jiki. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ɗauka jinkirin numfashi yana nufin cika huhu maƙil. Ba haka ba ne. Iska kaɗan ake ja, a hankali, ba sauti, ta yadda na kusa da kai ba zai ji ba. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne numfashin da ke biyo baya: idan bayan fitarwa ka ji kana fizgar iska da gaggawa, to ka wuce iyakarka, sai ka rage ƙirga ɗaya.

Akwai wani bincike da ya dace da wannan magana. A 2001 likita Luciano Bernardi da abokan aikinsa sun wallafa a mujallar likitocin Birtaniya cewa karanta addu'ar carbin Katolika da Latin da kuma maimaita kalmomin bautar yoga duk sun saukar da numfashin masu yi zuwa kusan shida a minti, kuma tasirinsu a kan zuciya da jijiyoyin jini ya zo iri ɗaya. Addinai biyu ne mabambanta da kalmomi mabambanta, abin da ya haɗa su shi ne saurin numfashin. A ganina wannan ya isa hujja cewa amfanin da jiki ke samu ba ya rataye a kan kalmar da aka furta.

Bayan mako uku ko huɗu za a iya ƙara numfashin hanci bi da bi, wanda suke kira nadi shodana. A ɗaga hannun dama, a lanƙwashe manuniya da yatsan tsakiya. A toshe kafar hancin dama da babban yatsa, a shaƙa ta hagu cikin ƙirga huɗu. Sai a toshe hagu da yatsan da ke kusa da ƙarami, a saki dama, a fitar ta nan cikin ƙirga huɗu zuwa shida. A shaƙa ta daman nan dai, a toshe ta, a buɗe hagu a fitar. Wannan zagaye ɗaya ke nan. A yi biyar a farko, a kai goma bayan wasu makonni. Taɓa hancin ake yi kawai, ba a danna shi har ya karkace, kuma idan hannu ya gaji a tallafi gwiwar hannun da hannun hagu. A littafin Svatmarama akwai riƙe numfashi tsakanin shaƙa da fitarwa, tare da alkawarin cewa hanyoyin za su tsarkaka bayan wata uku. Mai koyo ya bar riƙewar, dalilin yana tafe.

Kusan kowa zai lura cewa kafar hanci ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, bayan wasu sa'o'i kuma su yi musaya. Wannan ba ciwo ba ne, ɗabi'ar hanci ce, naman cikinsa yana kumbura yana sacewa bi da bi, kuma wani likita Bajamushe, Richard Kayser, ya bayyana ta a 1895. Masu yoga sun riga shi lura da ita da ƙarnoni, suka fassara ta da rinjayen wata ko na rana. Idan mura ta toshe hanci gaba ɗaya, a haƙura da wannan darasi har a warke.

Wasu biyu masu sauƙi sun dace da garin nan. Na farko shi ne biramari: a shaƙa ta hanci, a fitar baki a rufe tare da guna mai tsawo irin ta ƙudan zuma, sau biyar zuwa bakwai, ya fi daɗi kafin barci. Na biyu shi ne sitali, inda ake naɗe harshe a zuƙi iska ta cikinsa a fitar ta hanci, wanda kuma harshensa ba ya naɗuwa sai ya zuƙa ta tsakanin haƙora. Yana sanyaya baki da maƙogwaro a zafin Fabrairu da Maris, amma tun da iskar ba ta bi ta hanci ta tace ba, kada a yi shi inda ƙura ko hayaƙi yake.

Daga nan ne ya kamata mai koyo shi kaɗai ya tsaya. Abin da ya rage a littattafan shi ne ainihin aikin tayar da kundalini: riƙe numfashi mai tsawo da ake kira kumbaka, matse tsokokin nan uku, da bastirika, numfashi mai ƙarfi da sauri irin na zugazugin maƙeri. Ma'aunin da suka ajiye shi ne ɗaya na shaƙa, huɗu na riƙewa, biyu na fitarwa, har wani littafi mai suna Gheranda Samhita ya kawo 16 da 64 da 32. Svatmarama ya ce a yi zama huɗu a yini, da asuba da tsakar rana da yamma da tsakar dare, a kai riƙewa 80 a kowane zama. Wannan tsarin wanda ya bar duniya ne ya tare a gaban malaminsa, ba na mai bin layin BRT da sassafe ba. Shi kansa marubucin ya yi gargaɗi da kakkausar murya. Ya ce kamar yadda ake horar da zaki da giwa da damisa sannu a hankali, haka ake horar da numfashi, in ba haka ba ya hallaka mai yinsa, ya kuma lissafa shaƙuwa da asma da tari da ciwon kai da na kunne da na ido a matsayin sakamakon yin sa ba daidai ba.

Ilimin likitanci ya bayyana wani ɓangare na abin da ke faruwa. Numfashi da sauri yana fitar da iskar kabon dayoksaid fiye da ƙima, raguwarta a jini kuma tana tsuke jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Daga nan ake samun jiri, da jin tsira-tsira a leɓe da yatsu, da ƙagewar hannu, da ganin haske, wani lokaci har da suma. Masu tallan kwasa-kwasai sukan ce wa ɗalibi waɗannan alamun farkawar ƙarfin ruhi ne, ya ƙara himma, alhali jikin ne ke neman a dakata. Haɗarin yana ninkuwa idan aka bi saurin numfashi da riƙewa, domin ƙishin iska da ke gargaɗin mutum yana jinkirta zuwa, oksijin kuwa yana ci gaba da raguwa. Saboda haka ba a taɓa gwada wannan a cikin ruwa, ko a kan tuƙi, ko a tsaye. Direban tanka da ke jiran lodi a Apapa zai iya yin numfashin huɗu da shida motarsa a kashe, amma ko wannan kada ya yi shi yana bisa hanya, domin yana iya kawo gyangyaɗi.

Ɓangaren tunani ma ba abin wasa ba ne. Gopi Krishna, wani ma'aikacin gwamnati ɗan Kashmir, ya rubuta cewa a 1937, bayan shekaru yana zaman tunani, ya ji abin da ya ɗauka farkawar kundalini ce, abin da ya biyo baya kuma shi ne rashin barci da ƙin abinci da zafin jiki da tsoron haukacewa na tsawon lokaci. Mutumin da ya yi imani da abin ke nan, ya kuma ƙare rayuwarsa yana yaɗa shi. Ko me mutum ya ɗauki wannan yanayi, garin neman gira bai kamata a rasa ido ba. Wanda ya fara rasa barci, ko jin muryoyi, ko faɗuwar gaba marar dalili bayan ya shiga irin wannan horo, ya daina nan take ya ga likita.

Akwai waɗanda riƙe numfashi da saurinsa ba nasu ba ne ko da malami a gabansu: mai juna biyu, mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, mai sikila, mai hawan ruwan ido, mai gwaiwa, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da wanda ya taɓa fama da taɓin hankali. Sikila na bukatar a jaddada ta, domin tana da yawa a ƙasar nan kuma ƙarancin oksijin yana cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Mai asma ya ajiye abin shaƙarsa kusa ko da numfashi mai sauƙi zai yi. Jinkirin numfashi yana iya rage hawan jini kaɗan, amma ba ya maye gurbin ƙwaya, kuma ba a ajiye magani sai da izinin likitan da ya rubuta shi. Da azumi a taƙaita ga minti biyar na numfashin ciki, a bar sitali domin yana busar da baki.

Wanda ya fi son ya shiga aji, akwai wuraren koyarwa a Ikoyi da Lekki da Ikeja, sai dai ya yi tambaya kafin ya biya kuɗi. Ya tambayi mai koyarwa ko ana buɗe darasi da karatun bauta ko jerin motsin jiki na girmama rana, kuma ko za a iya barinsu. Ya tambaya ko akwai ajin mata daban. Ya lura ko an nemi sanin lafiyarsa kafin a fara, domin malamin da bai tambayi hawan jini ko juna biyu ba bai san aikinsa ba. Idan kuma aka yi masa alkawarin tayar da kundalini cikin kwana uku ko mako guda a kan wani farashi, ya tuna cewa littafin da aka ɗauko maganar daga cikinsa ya ware wata uku cur domin share hanya kawai, da zama huɗu a kowace rana. Ga mai yi a gida, minti goma a rana, biyar na huɗu da shida, biyar na hanci bi da bi, shi ne adadin da za a tsaya a kai na wata biyu ko uku kafin a yi tunanin ƙarawa.